Zanen Fitowa Ruwa

Duk mai jin Hausa da ya zauna a unguwar Tottenham ta London a shekarun tamanin ya san Kambai, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke tsayawa a shagon kayan abincin gida yana juya doya kamar mai neman laifinta, kuma sai ya samu. Mutumin wani ƙauye ne a gindin duwatsun Kagoro. Karatu ya kawo shi Ingila, da niyyar ya yi ƴan shekaru ya koma. Karatun ya watse a hanya, shi kuwa ya ƙare yana ɗaura wa motoci ƙofa a wata masana'anta a Dagenham, har furfura ta cika masa kai. In ka tambaye shi yaushe zai je gida, amsa ɗaya ce: baɗi. Babban akwatinsa na ƙarfe ma bai taɓa yarda a tura ƙarƙashin gado ba, yana nan kusa da ƙofa, kowa ya shigo sai ya buge ƙauri.

Kambai ba mugu ba ne, amma in ya kafe a kan abu, ko da igiya ba ka janye shi. Abin da ya fi kafewa a kai kuwa shi ne baftisma. Shi a rafi aka yi masa, yana saurayi, bayan ɗaukewar damina, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau. Duk ƙauye ya fito bakin gaɓa, mata na waƙa, fasto ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu yana nutsar da su ɗaya bayan ɗaya. Al'adar garinsu ita ce wanda zai shiga ruwa ba ya riƙe komai. Uwarsa ko ubansa ke tsayawa a gaɓa da zane a buɗe, da ya fito yana rawar sanyi a lulluɓe shi. Fuskar da mutum zai fara gani in ya ɗago kai ita ce ta mai riƙe masa zane. Kambai kan ba da labarin nan har ƴan ikkilisiya suka haddace, wasu kan motsa baki tare da shi in ya zo wajen sanyin ruwan.

Ikkilisiyar tasu ta ƴan Arewa ce, suna aron cocin wasu Turawa ran Lahadi da yamma. A gaban bagade akwai katakai da ake ɗagawa, ƙarƙashinsu rami ne mai fararen tayil, a cika shi da ruwan famfo, a sa abin ɗumama ruwa. Kambai dattijon ikkilisiya ne, amma bai taɓa tsayawa a bakin ramin nan ba. Baho yake kiransa. Duk ranar da Fasto Matiyu ya sa baftisma, sai aiki ya taso wa Kambai a Dagenham, ko da kuwa masana'antar a rufe take.

Matarsa Rhoda ita ce mai iya masa. Takan bar shi ya yi ta faɗa har ya gaji, sannan ta yi abin da ta ga dama. Ciwo ya kwantar da ita a shekarar tamanin da shida, ƴarsu ɗaya tilo, Tabitha, tana gab da gama sakandare. Kafin ta rasu ta sa ya buɗe akwatin ƙarfen ya ciro wani zanen saƙi, baƙi da ratsin fari, wanda uwarta ta lulluɓe ta da shi ranar tata baftismar. Ta ɗora hannunsa a kai ta ce tunda ita ba za ta gani ba, shi zai riƙe wa Tabitha. Ya yi alkawari. Daga ranar, a zuciyar Kambai, zanen da rafin ƙauyensu suka zama abu ɗaya.

Tabitha a London aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, har da habaici, amma da Turanci take mayar da amsa. Tun kafin rasuwar uwarta take neman a yi mata baftisma, uban yana cewa ta bari su je gida. Shekarar da suka yi niyya sosai rikici ya ɓarke a Kafanchan, aka fasa. Wata shekarar babu hutu, wata kuma gwiwa ce ta matsa masa. Yarinya ta yi karatu ta zama ungozoma, tana karɓar haihuwar ƴaƴan mutane, amma ran jibin Ubangiji sai ta zauna a benci tana kallo ana wuce ta da faranti, don ba a ba wanda bai shiga ruwa ba. Abin yana yi mata ciwo, kuma uban ya sani, sai dai yakan sunkuyar da kai ya ce addu'a yake yi.

A daminar casa'in da huɗu, in za a kira abin da ake yi a London damina, ta same shi a kicin yana tuƙa tuwo. Ta gaya masa ta gama ajin baftisma, an kuma sa rana, Lahadin ƙarshen watan Agusta.

"Baba, na gaji da jira. I'm twenty-six."

Bai juyo ba. Ya ci gaba da tuƙi kamar tuwon ne ya yi masa laifi, ya ce, "Zanen uwarki ba zai je bakin baho ba."

Ta ce ba zanen take roƙo ba, shi take roƙo ya zo. Suka ci tuwon ba wanda ya ji ɗanɗanonsa.

Ana cikin haka sai ga Masawudu da tasa maganar. Masawudu mutumin zangon Kumasi ne, Musulmi, shi ke ɗaura ƙofar hagu in Kambai na ɗaura ta dama. Hausa ce ta haɗa su tun ranar da Kambai ya ji wani a bayansa yana tsine wa wata ƙusa da ita. Kullum suna cikin musu, Kambai ya ce Hausar Masawudu ba ta san mace da namiji ba, Masawudu ya ce ai Kambai ma aro ya yi. Ƙanen Masawudu, Osmanu, yana aiki a masana'antar tumatir a wani birnin Italiya da ake kira Parma, matarsa ta haihu, za a yi suna. Masana'antarsu ta Dagenham na hutun bazara, Masawudu yana neman abokin tafiya. Da can Kambai ba ya zuwa ko Brighton da ke nan kusa, wai kada ya ɓata hutun da zai je gida da shi. Amma da ya ji kwanakin tafiyar sun haɗa da Lahadin nan, nan take ya ce a yi masa booking na tikiti.

Masawudu ya san dalili, don matarsa Hamdatu ita ta riƙa yi wa Tabitha kitso bayan rasuwar Rhoda, ba abin da ke ɓoye tsakanin gidajen biyu. Ya dube shi ya ce, "Baban Tabitha, yarinya ya girma. Bar shi ya yi wankansa kana wurin."

"Ba wanka ba ne," in ji Kambai, ya rufe zancen.

Ranar tafiya, Tabitha na wurin aiki, ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauki zanen ya shimfiɗa a ƙasan jakarsa, ya danne da riguna. Ya gaya wa kansa adana shi yake yi. Gaskiyar magana, tsoro yake ji kada ta ɗauka ta ba wani ya riƙe mata, kuma ya ji kunyar abin da ya yi tun kafin ya rufe jakar.

Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa kuma, har suka isa. Aka yi suna ran Juma'a, aka sa wa jaririya Safura, ƴan Ghana suka cika ɗan gidan Osmanu, aka ci shinkafa da wake da yajin kifi har aka bari. Kambai ya yi fara'a daidai gwargwado, amma in aka miƙa masa jaririyar sai ya daɗe yana kallonta. Ran Asabar da hantsi Osmanu ya ce ba zai yiwu baƙo Kirista ya zo garin nan ya koma bai ga cocinsu ba. A wurin Osmanu duk inda aka kafa gicciye na Kambai ne. Kambai ya yi ƙoƙarin ya bayyana masa cewa waɗannan ƴan Roman Katolika ne, masu ajiye gumaka a ɗakin sujada, tun yana yaro aka hana su leƙa irin wurin. Osmanu ya saurara da ladabi, ya gyaɗa kai, ya ɗauko hularsa ya ce su tafi.

A hanya suka haye wata gada. Kambai ya leƙa ƙasa ya kwashe da dariya, karo na farko tun da suka baro London. Kogi ne mai faɗi, amma babu ruwa, sai tsakuwa da ciyawa da wani mutum yana yawo da karensa a tsakiya. Osmanu ya ce haka yake yi da zafi, in sanyi ya zo kuma ya cika ya yi ta hauka. Kambai ya ce ashe Turawa ma suna da rani.

Wurin da aka kai shi ba babban cocin ba ne, wani dogon gini ne a gefensa, mai kusurwa takwas, da dutse mai launin ja-ja kamar cikin gwaiba. Osmanu ya ce wannan ɗakin ba a yin komai a cikinsa sai baftisma, don ita kaɗai aka gina shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Kambai ya ja ya tsaya. Ya tsallake teku don ya guje wa wannan magana, ga ta an gina mata bene. Ya so ya ce zai jira a waje, sai ya ga Masawudu ya riga ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi a bakin ƙofa, har sai da tsohon da ke gadin wurin ya yi masa alama da hannu cewa ba sai ya cire ba. Tunda Musulmi ya shiga, dattijon ikkilisiya ba shi da bakin tsayawa.

Ciki da sanyi, ga shiru. Ya ɗaga kai, sai ya ji kamar jiri. Rufin ya tafi sama ya haɗe wuri ɗaya, da haƙarƙari na dutse suna saukowa ta ko'ina kamar tsaikon ɗakin ciyawa in ka kwanta kana kallonsa daga ciki. Tsakanin haƙarƙarin duk zanen hotuna ne, ja da shuɗi da ruwan zinariya, mutane jere bisa jere da manyan idanu. Masawudu ya dubi sama sau ɗaya ya mayar da idonsa ƙasa, ya harɗe hannu a baya. Kambai ma ya yi niyyar haka, amma ido ba ya jin magana. Ya gane Yohanna Mai Baftisma da rigarsa ta gashi, ya gane kogin Urdun da aka zana da layuka masu lanƙwasa. A gefen kogin kuma ya hango wasu tsaye da fukafukai, hannuwansu a lulluɓe, suna riƙe da mayafi a buɗe. Ya daɗe a kan wannan.

Ƙasa da hotunan akwai mutanen dutse a jere, waɗanda ya zo da shirin ya ƙi. Sai ya ga ba sarakuna ba ne. Ɗaya ya duƙa da lauje yana yankan alkama, ya kama dami da hannun hagu daidai yadda ake kamawa. Wani yana haƙa, wani yana watsa iri, wani yana tumɓuke wani abu daga ƙasa mai kama da rogo gajere. Mai laujen nan, da yadda ya karkatar da wuya, ba abin da ya raba shi da baban Kambai a gonar acca. Tsohon mai gadi ya yi bayani, Osmanu yana juyawa da Hausa, cewa watannin shekara ne, kowane wata da aikinsa. A ransa Kambai ya ce ashe manoma ne suka gina wurin.

A tsakiyar ɗakin kwamin baftisma yake, babba, an fafe shi daga dutse, shi ma kusurwa takwas, zurfinsa ya isa a nutsar da mutum. Babu ko ɗigon ruwa a ciki. Kambai ya matsa ya ɗora hannu a bakinsa, dutsen ya yi santsi kamar bakin tsohon turmi. Mai gadi ya ce a zamanin da, duk ƴaƴan birnin nan ake kawowa, a tara su lokacin Ista, a nutsar da su ɗaya bayan ɗaya. Da a ce jiya ne, da Kambai ya tsaya ya yi musu a kan baftismar jarirai har rana ta faɗi. Yau kuwa kogin da suka haye ya tuna. Ba wanda ya gaya masa, shi ya ƙulla abinsa: mutanen nan ga su da kogi a tsakiyar gari, amma kogin da ba a dogara da shi, yau ya bushe gobe ya yi hauka. Ba su zaunar da ƴaƴansu jiran ruwa ya kwanta ba. Sun gina wa ruwan ɗaki, sun yi masa ado da duk abin da hannunsu ya iya. In an bi ta tasa, wannan ma baho ne.

Ya taɓa Osmanu ya ce ya tambayi tsohon a ina iyaye ke tsayawa. Osmanu ya ɗauka bai ji daidai ba, don mutane kan tambayi shekarun ginin ne ko sunan mai zanen. Kambai ya maimaita: masu riƙe zane, ina suke tsayawa? Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan ba a rubuta ba. Sai kuma ya yi ɗan tunani, ya zagaya kwamin da yatsa, ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce ko'ina," in ji Osmanu. "Duk inda yaro zai gan ka in ya fito."

Tunanin Kambai ya koma ranar nan ta alkawari, hannun Rhoda bisa nasa, ya bi maganarta daga farko har ƙarshe yana neman rafi a ciki. Babu. Ita riƙe zane ta ba shi, rafin shi ya ɗora, don shi ke kewar gida, shi ne kuma bai iya cewa ba zai koma ba. Ya zaunar da ƴarsa shekara da shekaru tana biyan kewar da ba tata ba. Ga zanen kuma a ƙasan jakarsa, a gidan Osmanu, ƙasa biyu da teku tsakaninsa da Tottenham.

Ya juya ya ce wa Masawudu, "Yau zan koma."

Masawudu bai tsokane shi ba, abin da Kambai bai taɓa mantawa ba. Ya duba agogo kawai ya ce su yi sauri. Sun gwada buga waya gida daga tasha, ba wanda ya ɗauka, Tabitha na wurin aiki. Jirgin yamma ya samu zuwa Milan, daga can na dare mai ratsa Faransa. Ya zauna da jakar a cinya duk tsawon hanya, yana lissafin in komai ya tafi daidai zai shiga coci ana waƙar farko. Komai bai tafi daidai ba. A bakin teku aka ce an soke jirgin ruwan da ya sa rai, sai na bayansa. Dattijon da ya yi shekaru yana cewa ba gaggawa, ga shi yana zirga-zirga a kan siminti yana roƙon teku ta rage faɗi.

Da ya fito daga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Tottenham rana ta yi ƙasa. Gwiwar da ta hana shi zuwa Kagoro ba ta hana shi gudu ba. Tun daga ƙofar coci ya ji ƙarar ruwa yana zurarewa ta bututu. Wasu maza biyu suna mayar da katakai a gaban bagade, suka gaishe shi, suka kawar da ido. Jama'a suna ɗakin baya ana shan shayi. Can gefe ya hango Hamdatu da mayafinta, ta zo ta zauna a bencin ƙarshe tun farkon sujada. Tabitha na tsaye kusa da ita, ta canza kaya, gashinta a jiƙe, da ƙaramin tawul a wuya.

Ta gan shi, ta ga jakar, ta ga gumi. Kambai ya zo da magana mai tsawo da ya shirya tun daga Milan, amma abin da ya fito daga bakinsa tambaya ce.

"Wa ya riƙe miki?"

Da Hausa ta amsa, Hausarta mai nauyi da ba ta cika fitowa ba.

"Ba kowa, Baba. Mama Hamdatu ta ce za ta riƙe, na ce a'a. A kan kujera na ajiye tawul. Wurinka ne."

Ashe da ta ɗago kai daga ruwan, kujera ta gani.

Ya durƙusa ya buɗe jakar a gaban kowa, ya watsar da rigunan a ƙasa, ya zaro zanen. Ya miƙe ya buɗe shi iya faɗin hannuwansa, yadda ake yi a bakin gaɓa. Ba waƙa, ba rafi, sai ƙamshin shayi da ƙarar guduma ana buga katako. Tabitha ta daɗe tana kallonsa, har ya zaci ba za ta zo ba, kuma da ba ta zo ba da bai ga laifinta ba. Sannan ta cire tawul ɗin ta miƙa wa Hamdatu, ta tako ta shiga, ya lulluɓe ta.

Kambai ya yi shekaru bayan haka. Ya bar aiki, ya ci gaba da neman laifin doya, kuma duk ranar baftisma shi ke fara isa coci ya taya ɗaga katakai. Labarin rafi ya daina bayarwa. In aka tambaye shi Italiya, yakan ce ya ga wani kogi da babu ruwa, ya tsaya nan. Zanen kuwa bai sha ruwa ba ranar nan sai daidai kafaɗa, inda gashinta ya taɓa. Iyakar abin da ya samu ke nan, kuma har ya rasu bai taɓa cewa ya ishe shi ba.